Geron Da Na Kwana A Kansa

Watan jiya jikana ya ɗauke ni a motarsa muka je ta'aziyya can kudu. Mun tashi bayan sallar asuba, kafin la'asar mun isa, washegari muka juyo. Hanyar da ta taɓa cinye mini kwana goma sha ɗaya, yaron nan ya naɗe ta kamar tabarma, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana canza waƙa. A dawowa, da muka haye wata gada, na hango wani dutse mai kama da rumbun da aka kifar, sai na ce ya tsaya. Ya tsaya yana ƙunƙuni. Na fito na dudduba, ban ga komai ba sai katangar gidan mai da wani shago. Manyan ɗorawoyin da na sani an sare su, rijiyar an shafe bakinta da siminti. Na tambayi mai gadin wurin ko har yanzu matafiya suna kwana a nan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, wa zai kwana a bakin hanya yanzu? Sai dai wanda ya gaji da duniya." Na tsaya riƙe da sandata, kaina ya ɗaure, domin a daidai inda famfon mai yake, a nan na taɓa shimfiɗa kwali kwana uku.

A shekarun da nake magana, damina uku a jere ta yi mana rowa. Hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi, mata su kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi mu koma muna kallon juna. Ƙauyenmu yana arewa da Ɗanbatta, gona na jingine da gona, ba daji balle a ce za a shiga neman abin kai wa baki. Mun ci dusa, mun ci tafasa ba ƙuli, mun sayar da awaki sannan muka sayar da turakunsu. Abin da na fi tunawa shi ne shirun gari. Mu da muka saba turmi ne ke tashinmu, wannan gida ya buga wancan ya amsa, sai ga shi hantsi ya yi ba ka ji taɓarya ko ɗaya ba. In ka ji daka a wani gida, kunya ce take hana ka waiwayawa.

Gidanmu muna da geronmu na gado. Mahaifina ya gaje shi wurin ubansa, shi ma wurin nasa. Zangarniyarsa ta kai tsawon hannun babban mutum, ƙwayarsa fara, furarsa kuwa har maƙwabta sun san ƙanshinta. Kowace kaka, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, Baba zai bi gona shi kaɗai yana zaɓen kawunan da suka fi cika. Ya ɗaure su da wata igiyar fata da ta yi baƙi don tsufa, ya rataye a can ƙololuwar rumbu. Wannan shi ne iri, ba mai taɓa shi. Yakan ce mana duk abin da ke cikin rumbu namu ne, ban da wancan, wancan na waɗanda ba a haifa ba ne. A shekara ta uku mun shuka, ya tsiro ya ƙone. Muka sake shukawa, ya sake ƙonewa. Ɗan abin da ya rage, ranar da ƙanwata ta kasa tashi daga kwance, Baba da kansa ya hau rumbu ya sauko da shi ya miƙa wa Inna. Bai sha kunun ba. Ya naɗe igiyar ya sa a aljihu ya tafi masallaci, bai dawo ba sai bayan isha'i.

Da bazara ta kama, ya kira ni zaure. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, maiɗakina tana da cikin fari. Ya ce ƙaninsa, Baffa, da ya koma ƙasar doya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya tafi da irin gidanmu, kuma yana nomansa a can. In je in karɓo kafin ruwan shuka ya sauka. "Abu ɗaya zan gaya maka," in ji shi. "Kada ya bar jikinka. In za ka yi salla, ka goya shi. In za ka kwanta, ka yi matashi da shi. Ka ji ko?" Na ce na ji, har ina jin haushi a raina, don gani nake an mai da ni yaro.

Ban taɓa wuce birnin Kano ba sai a wannan tafiya. A bayan babbar mota muka tafi, a kan buhunan kanwa, mu wajen talatin. A lokacin direba ba ya tafiyar dare da mutane a bodi, rana na faɗuwa zai gangara zango. Zango kuwa fili ne kawai a gefen kwalta, da inuwa, da rijiya, da masu abinci. Amma yana da dokokinsa da ba wanda ya rubuta. Mota na tsayawa a sa mata dutse a bayan taya. Mata su yi gefen masu tuwo, maza su yi gindin bishiya ko ƙarƙashin mota. Wanda ya fi furfura ya ja salla. Buta ɗaya sai ta zaga mutum ashirin. Wanda ka shimfiɗa kusa da shi ya zama maƙwabcinka har gari ya waye, in za ka zaga ka ce masa ga kayana, shi ke nan. Ba ka tambayar sunansa, sai dai garinsu. Yau an ce mini matafiyi yana shiga ɗaki ya kulle ƙofa ya biya kuɗi don kada ya ga kowa. Mu a lokacin tsoronmu shi ne mu kwana inda ba kowa.

Baffa ya karɓe ni da kuka. Ya auna mini tiya shida a farin buhun gishiri na yadi, irin wanda kowane matafiyi yake da shi a wancan zamani. Na sa hannu na ɗebo, fari tas, manyan ƙwayoyi, har sun fi yadda na san su girma. Na yi murna. A cikin hira ya ce shi a nan ba ya girbe shi sai dawa ta kusa nuna, ƙasar ce haka, ruwa ba ya ƙarewa. Na ji maganar da kunnena, na ce Allah Ya yi albarka, ban ɗauke ta bakin komai ba. Kwana biyu na yi na juyo.

A rana ta biyu da juyowa, muna haye gadar nan sai muka ji ƙara a ƙarƙashin mota, ta karkata. Da ƙyar aka lallaɓa ta zuwa zangon da ke gindin dutsen. Direba ya leƙa ya ce wani ƙarfe ne ya karye, sai an je Zariya nemo shi, gobe in sha Allahu. Goben nan ta zama jibi, jibi ta zama gata. Guzurina ba zai biya wata motar ba, don na riga na biya wannan har Kano. Haka na zauna, buhu a cinya. In na tashi salla in goya shi da rawanina, har masu shayi suka sa mini suna mai jego. Wata mai ƙosai kullum sai ta tambaye ni ko jaririn ya sha nono. Ina dariyar yaƙe, amma hankalina yana arewa. Kowace yamma sai in ga walƙiya can wajen gida, in ƙara ƙanƙame buhun, domin in ruwan shuka ya sauka ba ya jiran wanda motarsa ta lalace.

Zangon nan bai taɓa yin shiru ba. Motoci na shigowa suna huci, ana buga bodi, mai shayi na kaɗa cokali a kofi, kwaɗi na kuka a ƙarƙashin gada, sauro kuwa kamar an aiko su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kusan kowa kudu ya nufa. Mutane ne daga arewa da mu, da tukwane da tabarmi da 'ya'ya, wasu har da ƙyauren ɗaki. Ni kaɗai nake komawa inda suke gudu. A cikinsu akwai wani tsoho dogo, siriri, da ya shimfiɗa buzunsa kusa da kwalina. Daga can bayan iyaka ya fito, tare da 'yarsa da jikoki biyu, suna jiran motar da za ta yarda ta ɗauke su a kan abin da ya rage musu. Yaran ba sa kuka, ba sa wasa. Zama suke yi suna kallon buhuna, ni kuma in juya musu baya. Na ba su ƙosai sau ɗaya, ban ƙara ba, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyin abin.

Daren farko mun gaisa kawai. A yammaci na biyu, bayan la'asar, ya ce, "Ɗan nan, me kake goyo haka kamar wanda zai gudu?" Na ce iri ne, na kakannina, na kuma kwashe labari na ba shi har da ƙari, don ina alfahari. Ya ce in ba shi ya gani. Na kwance bakin buhun kaɗan, ban sake shi ba. Ya ɗauki ƙwaya uku, ya mirza a tafin hannu, ya sa ɗaya a baki ya fasa da haƙori. Ya daɗe yana taunawa.

"Shekara nawa ya yi a kudu?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"Da maiwa a gonakin da ke kewaye da shi?"

Na ce ban sani ba, ƙila. Maiwa dai ita ce 'yar'uwar gero mai nawa, wadda ba ta nuna sai damina ta yi tsawo. Ya girgiza kai ya ce, "Ya sha ruwan mutane ya saba. In ka kai shi gida zai yi maka kara har ya fi ka tsawo, ya tsaya yana jiran ruwan da ba zai zo ba. Wannan ya tashi daga iri, ɗana. Abinci ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa geron nan ya girmi ubana, ba a bakin hanya za a koya mana shi ba. Bai yi fushi ba. Ya jawo nasa ƙunshin daga ƙarƙashin buzu, shi ma farin buhun gishiri ne, ya kwance ya nuna mini. Wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne masu ruwan toka, in a kasuwa na gan su ko kaji ba zan saya wa ba. Ya ce wannan kwana saba'in yake yi, ruwa huɗu masu kyau sun ishe shi. Na kalli jikokinsa na kalli buhun, na ce, "To Baba, ga yara da yunwa, me ya hana a dama musu?" Ya ɗaure bakin buhun a hankali. "Hannuna ba zai iya ba," in ji shi. "Iri ne. Ƙasar da zan sa shi ce ba ni da ita."

Na kwana biyu ban runtsa ba sai gyangyaɗi. A dare na uku an kawo ƙarfen, bakanike yana ta bugu a ƙarƙashin mota da fitila, an ce da asuba za mu tashi. Jin haka sai jikina ya saki. Na tuna na sa buhun a ƙarƙashin kaina, na naɗa bakin igiyarsa a yatsana. Na tuna tsohon yana zaune yana jan carbi, ya ce, "Kwanta, ni ba na barci." Daga nan ban san inda nake ba. Ban ji kiran salla ba, ban ji tashin motoci ba. Ƙarar injinmu ce ta tashe ni, ana ihu mai jego zai rasa mota. Na suri buhu na ruga, aka miƙo hannu aka ja ni sama. Ko da na waiwaya, inda buzun yake ba kowa.

Sai da muka yi nisa na ji goyon nan bai kai nauyin jiya ba. Na sauke shi, igiyar tawa ce, ɗaurin ba nawa ba ne. Na kwance. Ruwan toka. Ko tiya uku bai cika ba. Wallahi ban san abin da na ji ba a lokacin, kuma har yau ban sani ba. Na miƙe zan buga bodi a tsaya, wani ya riƙe rigata ya ce ina za ni. Ina kuwa za ni? Tsohon ya yi kudu, a motar da ban sani ba, zuwa garin da shi ma bai sani ba. In koma wurin Baffa, ba kuɗin mota, ga walƙiya a arewa. Na zauna na rungume buhun. Can sai in ji kamar in yi kuka an yi mini sata, can kuma in tuna yadda ya ɗaure bakin buhunsa a hankali shekaranjiya, in ce wanda ya hana jikokinsa abu ya ba ni, yaya zan kira shi ɓarawo? Sai kuma wata zuciyar ta ce ya dai ɗauki shida ya bar uku, kuma tun farko da ya fasa ƙwayar nan a baki, wa ya sani ko dabara yake shiryawa? Haka na yi ta juyawa har Kano.

Na isa gida da hantsi, ƙasa jiƙe, an yi ruwa a daren. Mutane duk suna gona da sungumi, masu abin shukawa da masu kallo. Baba yana zaure yana jirana. Na durƙusa na ajiye buhun a gabansa. Bai duba ciki ba, hannu kawai ya zura. Na ga yatsunsa sun tsaya. Sai ya ce, "Na wa ne?" Na ba shi labari, ina yi ina haɗa gaba da baya. Da na kai inda tsohon ya ce namu ya zama abinci, sai ya ɗaga hannu. "Barci ka yi?" Na ce barci na yi. Ya tashi ya ɗauki sungumi. "Ɗauko. Ƙasa ba za ta jira mu gama baƙin ciki ba." Yana sara ina jefawa ina takewa, har rana ta faɗi, bai ƙara ce mini uffan ba.

Daminar nan kaf haka muka yi ta. Ba zagi, ba duka, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi. In zai ba ni umarni sai ya gaya wa Inna a gabana. Geron ya fito gajere, ko kafaɗata bai kai ba, kansa kamar na wanda bai ƙoshi ba. Masu wucewa suna tambaya ko ciyawa muka shuka. Sai ga shi ana cikin tsakiyar damina ruwa ya ɗauke, kamar an rufe ƙofa. A lokacin namu ya riga ya yi ƙwaya. Muka gasa tumu muka ci tun wasu gonakin ba su fitar da kai ba. Waɗanda suka sayo iri a kasuwa daga hatsin da aka kawo daga kudu, karansu ya yi tsawo gwanin sha'awa, ya bushe a tsaye ba ko zangarniya. A satin girbi maiɗakina ta sauka, kuma da wannan gero aka dama mata kunun jego. Yaron da ta haifa shi ne uban wannan mai motar.

Kada a ce labari ya warware, don bai warware ba. Na maƙwabta na kasuwa ne, ba na Baffa ba. Ba wanda ya shuka na Baffa a ƙasarmu balle a san gaskiyar tsohon, mai yiwuwa da ya yi, geron kakanninmu ne fa, ya san ƙasar. Kuma ba a sake samun damar gwadawa ba, domin Baffa ya rasu a shekarar da ta biyo, 'ya'yansa suka koma noman masara, irin ya ɓace daga duniya. A kaina ya ɓace, ina kwance a kansa. Mun rayu, wannan gaskiya ne. Amma Baba bai sake shan fura da daɗi ba, yakan kurɓa ya ajiye ya ce cika ciki ce kawai. Garinmu kuwa kowa ya zo ya karɓi irin, aka sa masa suna ɗan zango, aka yi shekaru ana nomansa, har aka fara kawo na leda mai jan magani wanda ake saye duk shekara. Yanzu ni kaɗai nake sa kunya biyu a bayan gida, 'ya'yana suna cewa rigimar tsufa ce.

Ranar da za mu fara ɗaurin dami a waccan kaka, na tarar Baba ya riga ni gona. Na tsaya daga nesa ina kallonsa yana bin kunya-kunya, yana sunkuyawa don geron gajere ne, yana zaɓen kawuna. Da ya gama ya zauna a gindin gawo, ya sa hannu a aljihu ya fito da baƙar igiyar nan. Ya ɗaure su, ya kira ni da sunana, karo na farko tun dawowata. Ya miƙo mini. "Ungo, hau ka rataye. Wannan ba na ubana ba ne, naka ne. Ni na san abin da zan ce game da nawa. Kai ma sai ka san abin da za ka gaya wa 'ya'yanka, inda ka samo shi." Na karɓa. Ban gane ba ko yafe mini ya yi ko hukunci ya yanke mini, kuma ban tambaya ba har ya koma ga Allah. Shi ma tsohon zangon, duk sallar da na tuna shi sai in rasa addu'ar da zan yi masa, ta neman gafara ko ta neman lada. Nakan yi masa duka biyun, in bar wa Mai sani Ya zaɓa.

Ina tsaye a gaban famfon man nan, jikana ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, rana fa tana yi. Wai me ya faru a nan ne da ka tsare mu?" Na juyo na dube shi, ƙato, kumatu cike, jinin kunun nan ne yake yawo a jikinsa bai sani ba. Ga tambayar da Baba ya ce in shirya wa amsa, na yi fiye da shekara hamsin ina shiri. Na buɗe baki zan ce nan aka yi mini sata, harshena ya ƙi. Na ce to bari in ce nan aka yi mini kyauta, shi ma ya ƙi.

Na ce, "Nan na taɓa yin barci."

Ya yi dariya ya buɗe mini ƙofa. Na shiga, muka kama hanya, ban runtsa ba har gida.